Daren da Aka Cinna wa Takarda Wuta a Nashbil

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, direban gingimari ne lokacin ina yaro. Dankalin Turawa yake ɗaukowa daga Jos ya kai Kano, ta Saminaka da Pambeguwa da Zariya, kuma idan an yi dogon hutu yakan roƙi Inna ta bar ni in bi shi, wai in ga duniya. Wurin zamana a tsakiya ne, tsakaninsa da yaron mota, inda zafin inji yake dafa wa mutum ƙafa. A aljihun gaban motar, tare da takardu da goro da tocila, akwai kaset biyar ko shida: Shata, Ɗan Maraya, karatun Alƙur'ani na asuba, sai guda ɗaya mai hoton wani Bature da gemu da tsohuwar malafa. Kawu bai taɓa kiran sunansa ba, Mai Malafa yake ce masa. Sai dare ya raba, hanya ta yi tsit, yaron mota ya fara gyangyaɗi, sannan yake saka shi.

Na taɓa tambayarsa, "Kawu, kana jin abin da yake faɗa kuwa?" Turancin Kawu bai wuce na shingen 'yan sanda ba.

Ya ce, "Ɗana, ba sai na ji ba. Wannan mutum ne da ba ya gaggawa. Shata kan sa in taka mota, shi kuwa wannan sai ya tuna mini ina da iyali."

Don Williams ne Mai Malafa, haifaffen Teksas, kuma ba Kawu kaɗai ya kama ba. Duk wanda ya yi wayo a shekarun 1980 ya san muryarsa da ta Jim Reeves da Kenny Rogers da Dolly Parton, a rediyon safiyar Lahadi, a shagon aski, a ɗakin malaman makaranta. Sai da na girma na san sunan kiɗan kantiri, wato na karkara, na san yana da garinsa, Nashbil a jihar Tenesi ta Amurka, kuma duk shekara wata ƙungiya mai suna CMA takan yi taron raba kambu a can. Abin da na fara dubawa shi ne rabon Mai Malafa. Sau biyu aka kira sunansa, zakaran mawaƙa maza a 1978, sai faifan shekara a 1981. Babban kambun, na Gwarzon Shekara, bai taɓa shiga hannunsa ba har ya mutu a 2017. Mutumin da ya je Harare a 1997 jama'a suka yi dafifi kamar an ce ga ɗan uwansu ya dawo! Haushin wannan ne ya sa na bi diddigin taron, in ji su wa suke zaɓe, da wane mudu kuma suke awo.

Tun asali Nashbil garin inshora ne da makarantu da ɗab'in littattafan addini, kuma manyansa sun daɗe suna jin kunyar kiɗan mutanen tsauni, suna ce masa na ƙauyawa. A 1925 wani kamfanin inshora ya buɗe gidan rediyo mai suna WSM don tallar hajarsa. A watan Nuwamba na shekarar aka zaunar da wani tsoho mai goge, Jimmy Thompson, gaban makirfo ya yi ta ja, sai wasiƙu suka fara kwararowa daga ƙauyuka. Shirin nan na ranar Asabar da dare shi ya zama Grand Ole Opry a 1927, kuma har yau bai tsaya ba. Dillalan inshorar sukan buga wa manomi ƙofa su ce daga gidan Opry suke, nan da nan a ba su wurin zama. Daga 1943 shirin ya tare a Ryman, wani ɗakin wa'azi na jan bulo da wani mai jiragen ruwa ya gina a 1892 bayan wa'azi ya ratsa shi. Bencinan coci ne a ciki, a lokacin ba na'urar sanyaya ɗaki, da zafi kowa da maficinsa na kwali.

Kwatsam a tsakiyar shekarun 1950 sai ga Elvis Presley, matasa suka bi shi ɗungurungum. Gidajen rediyo suka yi ta sauke kantiri ɗaya bayan ɗaya, masu goge suka fara neman wata sana'a. Ruwa ya kusa ƙare wa ɗan kada. A 1958 masu kamfanonin faifai da masu riƙe da haƙƙin waƙoƙi da 'yan rediyo da dillalan wasanni suka haɗa kai suka kafa CMA. Ba ƙungiyar mawaƙa ba ce zalla, ta masu cin abinci da waƙa ce. Shugabanta na farko, Connie B. Gay, ɗan kasuwar rediyo ne, shugaban kwamitin gudanarwa kuma Wesley Rose, mai kamfanin haƙƙin waƙa. Ma'aikaciyar da suka fara ɗauka, Jo Walker, don buga tafireta da amsa waya aka kawo ta. Suka yi ta neman namijin da zai riƙe ofis, daga ƙarshe ita ta riƙe shi har 1991. Da suka ƙirga a 1961, gidajen rediyo 81 kacal ne a duk Amurka suke saka kantiri safe da yamma. Sai suka bazama Niyok da Cikago da Ditiroyit wurin masu ba da talla, suna nuna musu cewa baƙauyen nan da kuke rainawa ya dawo birni, yana aiki a masana'anta, yana sayen mota da sabulu. Kafin shekarun 1960 su ƙare, gidajen sun haura 600.

A ɗakunan ɗaukar murya ma an yi gyara. Masu shirya faifai Chet Atkins da Owen Bradley suka rage goge da jitar nan mai kuka, suka sa amshi mai laushi da kayan kiɗan manyan otal. Labarin da ake yawan bayarwa shi ne, an tambayi Atkins mene ne wannan sabon sauti na Nashbil, sai ya sa hannu a aljihu ya karkaɗa silalla.

Taron kambun ma ba su suka fara ba. Wata kishiyar ƙungiya a Los Anjalis ta riga su a 1966, ganin haka Nashbil ta ce ba za a bar ta a baya ba. A Oktoba 1967 aka yi na farko a babban ɗakin taro na birnin. Walima ce kawai, ba talabijin, Sonny James da Bobbie Gentry suna gabatarwa. Jack Greene, wanda bai daɗe da barin ganga a ƙungiyar Ernest Tubb ba, ya kwashe kambu uku. Loretta Lynn ta zama zabiyar shekara. Gwarzon Shekara na farko kuwa Eddy Arnold ne, kuma nan nake son a dakata. Da ya fara waƙa, kirarinsa Yaron Garma na Tenesi ne. A 1967 ya daɗe da jingine garmar, ya sa baƙar kwat da ɗan maɗaurin wuya, yana waƙa mai laushi da matan birni suke saye. Tun daren farko ke nan, wanda aka ɗaga hannunsa shi ne wanda ya fi kowa nisa da gona. Duk rigimar da ta biyo baya tana ƙunshe a cikin wannan kwat.

Shekara ta zagayo, kamfanin cuku na Kraft ya ɗauki nauyi, aka naɗi taron a Ryman aka nuna a talabijin na NBC, tare da Roy Rogers da matarsa Dale Evans, kaboyi da uwargida na fina-finai. Tun daga nan bai sauka daga talabijin ba: CBS daga 1972, ABC daga 2006. Kambun kansa doguwar aba ce mai tsini kamar harsashi, da katako ake yin ta a da, daga 1983 aka koma garai-garan gilashin Italiya.

Zaɓen ne ya fi ba ni mamaki. A wurinmu mawaƙi ya san mai ba shi kyauta ido da ido. Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa. A ba da riga, a ba da doki, daga baya aka koma mota da kujerar Makka, kuma sunan mai kyautar yana cikin waƙar. Ko a gidan biki, wanda ya yi liƙi kowa ya gan shi. A Nashbil ba sarki, ba kuma masu sauraro ake tambaya ba. 'Yan ƙungiya ne suke kaɗa ƙuri'a har zagaye uku: mawaƙa, makaɗa, marubuta waƙa, ma'aikatan kamfanonin faifai, 'yan rediyo, masu shirya wasa. Wani kamfanin akanta ya ƙirga, ya rufe sakamako a ambulan. An daɗe ana gunagunin cewa kamfanin da ya fi yawan ma'aikata shi ya fi yawan ƙuri'a. Da na yi wa Kawu wannan bayani, shekaru bayan ya ajiye tuƙi, sai ya ce, "Ashe yuniyan ce." Na ce kusan haka, Kawu. Ya ce, "To mene ne na haushi? Ka taɓa ganin an naɗa ciyaman a tasha don ya fi kowa iya shan kwana?"

Amma yuniyan ɗin takan yi abin da ba a zata ba. Charley Pride baƙar fata ne daga ƙauyen Sledge a Misisipi, ɗaya cikin 'ya'ya goma sha ɗaya na wani manomi da yake noma gonar wani ana raba amfani. A rediyon ubansa ya tashi yana jin Opry. Da kuɗin tsinkar auduga ya sayi jita yana ɗan shekara goma sha huɗu. Ya buga wasan besbol a ƙungiyoyin baƙar fata, ya yi aiki a masana'antar narka ƙarfe a Montana, yana waƙa da dare. Da kamfanin RCA ya ɗauke shi, faifansa na farko-farko ba hoto aka aika da su gidajen rediyo, a bar kunne ya yanke hukunci kafin ido ya sa baki. A 1966 ya hau dandamali a Ditiroyit gaban dubban Turawa da suka san muryar ba su san fuskar ba. Aka kira sunansa ana tafi, yana fitowa tafin ya mutu. Sai ya jefa musu barkwanci a kan launin fatarsa, ya ce a ɗauka rana ce ta ƙona shi kuma ba zai washe ba, ya kama waƙa. A 1971, shekara uku bayan an harbe Martin Luther King a Memfis, cikin wannan jiha ta Tenesi, 'yan CMA suka zaɓe shi Gwarzon Shekara, suka ƙara masa da zakaran maza, suka sake ba shi na mazan a 1972. Ina yaba musu, amma ba na mantawa da cewa a lokacin, in aka cire Elvis, babu wanda ya kai shi kawo wa RCA ciniki. Kuma yau fiye da shekara hamsin, ba a sake miƙa wa wani baƙar fata wannan babban kambu ba.

A 1972 sai Loretta Lynn, 'yar mai haƙar kwal daga wani lungun tsauni a Kentaki, wadda aka yi wa aure tana yarinya ta haifi huɗu kafin ta fara waƙa, ta zama mace ta farko da ta ɗauke shi. Waƙoƙinta na miji mashayi ne da matar da take bin mijin wata, ba ta ɓoye-ɓoye.

Ƙura ta tashi a 1974. A shekarar aka bar Ryman aka koma sabon gidan Opry a bayan gari, wanda Shugaba Nixon ya buɗe har ya taɓa musu fiyano. Don kada a ce an yar da gado, aka yanko wani da'irar katako daga tsohon dandamali aka dasa a tsakiyar sabon. A wannan sabon gida aka buɗe ambulan ɗin zabiyar shekara, ga Loretta Lynn ga Dolly Parton a jerin 'yan takara, sai aka ji sunan Olivia Newton-John, haifaffiyar Ingila, tashin Ostareliya, wadda galibin mutane suka sani da waƙar zamani. Tsofaffin hannu suka ce an ci amana. Suka taru a gidan George Jones da Tammy Wynette suka kafa tasu ƙungiyar ta mawaƙa zalla, don kare kiɗan daga baƙi. Ba ta yi ƙarko ba. Abin dariya, ƙanwar Dolly, Stella, ita kuma waƙa ta yi tana ba Olivia haƙuri.

Sai Oktoba 1975. Al'ada ce gwarzon bara ya miƙa wa na bana, gwarzon 1974 kuwa Charlie Rich ne, mai farin gashi tas, gwanin fiyano daga Akansas. Na kalli hoton wannan minti ya fi sau ashirin. Ya fito yana ɗan tangaɗi, harshe a nauyaye, yana jan magana. Ya yage ambulan da ƙyar, ya zaro takardar, ya dube ta. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da laita, ya ƙyasta, ya kanga wa takardar. Tana ci da wuta a hannunsa ya ce wanda ya ci abokinsa ne, John Denver, wanda shi ma tsofaffin hannu suke ɗauka bare. Wasu suka yi dariya, wasu suka rasa inda za su sa ido. Denver kuwa yana Ostareliya, ta tauraron ɗan'adam aka haɗo shi, ya bayyana a allo da faffaɗan murmushi da tabarau, yana godiya da zuciya ɗaya, bai ga abin da ya faru ba.

Har yau ana musu a kan manufar Rich. Masu kishin gargajiya sun mayar da shi jarumi, wai ya ƙona sunan bare ne a madadinsu. Ɗansa ya ce ba haka ba ne: uban yana shan maganin ciwo ne saboda rauni a ƙafa, ya ɗora barasa a kai, ya ɗauka wasa yake yi. Ni na fi karkata ga ɗan, don in ana maganar bare, Rich ba shi da bakin magana. A Memfis ya fara, a kamfanin da ya fito da Elvis, jaz da bulus ne a jininsa, kuma waƙoƙin da suka ba shi kambu masu laushi ne irin waɗanda tsofaffin hannun suke kuka da su. Bare ne ya ƙona sunan bare. Bai sake riƙe kambun CMA ba. Kuma wanda yake gabatar da taron a daren, tare da Glen Campbell, Charley Pride ne. Ina so in san abin da ya raya a ransa yana kallon Turawa biyu ana jayayyar wane ne ɗan gida a cikinsu.

Denver ya mutu a haɗarin jirgin sama a 1997. A 2016, da CMA ta tashi bikin cika shekara hamsin da fara taron, ta tara mawaƙa talatin su rera waƙoƙi uku da aka saƙa wuri ɗaya a matsayin gadon gida. Ɗaya daga ciki ita ce waƙar Denver ta 1971 a kan hanyoyin karkara. Baren jiya ya zama kaka.

Haka abin yake ta juyawa. A 1999 George Jones, wanda da yawa suke ɗauka ba a taɓa yin murya irin tasa a kantiri ba, ya tashi daga mummunan haɗarin mota, waƙarsa tana cikin takara. Masu shirya taro suka ce ya zo ya rera guntunta, lokacin talabijin tsada gare shi. Ya ce in guntu ne ya yafe, ya zauna a gida. Alan Jackson ya hau yana rera tasa waƙar, yana tsakiya sai ya tsayar da makaɗa ya kama ta Jones. Ɗakin ya miƙe tsaye. Yana gamawa ya juya ya fice, bai ce uffan ba. Wannan ya fi laita burge ni, don da hankalinsa ya yi, kuma a kan dattijo ya yi. A daidai lokacin kuma Jackson da George Strait suka rera wata waƙa da take tuhumar unguwar kamfanonin faifai ta Nashbil da kashe kantiri saboda kuɗi. Me ƙungiyar ta yi? Ta ba waƙar kambu a 2000, ta ƙara mata na waƙar shekara a 2001. Zagin ma in yana sayuwa, haja ne.

Akwai dai zagin da ba ya sayuwa. 'Yan matan Dixie Chicks uku su ne Gwarzon Shekara na 2000. A Maris 2003, ana gab da afka wa Iraƙi, jagorarsu Natalie Maines ta faɗa wa 'yan kallo a Landan cewa suna jin kunyar Shugaba Bush ɗan jiharsu ta Teksas ne. Cikin 'yan kwanaki gidajen rediyo suka sauke su, aka tara faifansu a fili aka bi ta kai da tarakta. Tunda 'yan rediyo suna cikin masu ƙuri'a, kambu ma ya ɗauke ƙafa. Mata dai gaba ɗaya a ɗofane suke a gidan. A 2015 wani mai ba gidajen rediyo shawara ya fito fili ya ce in shiri kwanon salak ne, maza su ne ganyen, mata tumatir ne da ake ɗan yaryaɗawa a sama. Daga Taylor Swift a 2011 sai da aka shekara goma sha biyu kafin wata mace, Lainey Wilson, ta sake ɗaukar babban kambun, alhali Garth Brooks shi kaɗai ya ɗauka sau bakwai.

Duk lokacin da na ji ana maganar bare a kiɗan nan, banjo nake tunawa. Wanda ya san gurmi, in ya ga hoton banjo na farko zai gane dangi: ƙwarya ce aka rufe da fata aka soka mata sanda, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka ƙera ta a can. Hank Williams, wanda suke ɗauka uban gida, wurin wani baƙar fata mai waƙa a titi, Rufus Payne, ya koyi jita. A daren da aka raɗa wa Opry suna a 1927, DeFord Bailey ne ya busa hamonika yana kwaikwayon jirgin ƙasa, shi ma baƙar fata, kuma yana cikin taurarin shirin na farko. A 1941 aka sallame shi, ya koma goge takalma a cikin Nashbil. Ya mutu a 1982. Sai a 2005 CMA ta sa sunansa a zauren manyan kantiri.

Saboda haka da Beyoncé, 'yar Hustan ta Teksas, ta hau dandamalin taron a Nuwamba 2016 tare da Dixie Chicks, saura kwana shida zaɓen shugaban ƙasa, laifi biyu aka haɗa a faranti ɗaya. Intanet ta cika da zagi, wasu na kiɗa, wasu na launin fata ƙarara. Shekara huɗu bayan nan, ana tsakiyar annobar korona, ƙungiyar ta kira Charley Pride ta ba shi kambun girmamawa na aikin rayuwa. Ranar 11 ga Nuwamba 2020 ya hau, yana da shekara 86, murya ta ɗan girgiza amma tana nan, ya rera shahararriyar waƙarsa ta 1971. A rufaffen ɗaki aka yi taron, mutane a tebura, galibi ba takunkumi. Ranar 12 ga Disamba korona ta kashe shi a Dalas. Mawaƙa da dama suka tambaya ko a can ya ɗauka. Ƙungiyar da wakilansa suka ce an gwada shi kafin taron da bayansa ba a ga komai ba. Wannan dai ita ce waƙarsa ta ƙarshe a gaban jama'a.

Waƙar da ta fi taɓa ni ita ce ta taron 2023. Luke Combs, wani ƙaton Bature mai gemu daga Karolina ta Arewa, ya sake rera waƙar Tracy Chapman ta 1988, labarin wata yarinya mai aikin kanti da uba mashayi, tana mafarkin mota mai gudu da za ta fitar da ita daga talauci. Ya ce a kaset ya fara jin ta, yana yaro, a cikin a-kori-kurar babansa. Da na karanta haka sai na ji warin man dizal da goro. Waƙar ta ci kambun waƙar shekara, wanda marubuci ake ba, Chapman ta zama baƙar fata ta farko da ta karɓe shi, shekara talatin da biyar bayan ta fitar da ita. Ba ta halarta ba, saƙon godiya ta aiko. Ba a canza wa waƙar komai na kirki ba, maƙogwaron da ta fito ne kawai ya canza.

Shekarar da ta biyo baya Beyoncé ta fitar da faifan kantiri sukutum, ta ce ya samo asali ne daga wani wuri da ta je ba a yi maraba da ita ba. Ya hau kan jerin cinikin faifan kantiri, karo na farko ga mace baƙar fata. A CMA ko takara ɗaya ba a sa ta ba. 'Yan watanni kaɗan wani taron raba kambu na daban, Grammy, ya ba faifan kambun shekara. Luke Bryan, ɗaya daga masu gabatar da taron, ya ce mai son kambun gidan sai ya zo ya zauna da mutanen gidan. A fahimtata, laifinta ba ta zo gaisuwa ba, ba ta zagaya gidajen rediyo tana durƙusawa ba. Akwai gaskiya a ciki, haka yuniyan take. Sai dai a daren nan na Nuwamba 2024 akwai wanda ya zo gaisuwar. Shaboozey, sunansa na yanka Collins Obinna Chibueze, iyayensa 'yan Nijeriya ne, an haife shi a Bajiniya, ya ɗan yi makarantar kwana a nan gida. Sunansa na waƙa ma daga yadda Turawa suke karya Chibueze ya samo shi. Waƙarsa ta mashaya ta yi mako 19 a saman jerin waƙoƙin Amurka gaba ɗaya. An sa shi takara biyu, ya zo, ya yi wasa, aka yi ta barkwanci da sunansa daga kan dandamali, ya koma hannu rabbana. Gwarzon Shekara kuwa Morgan Wallen aka ba, wanda a 2021 aka hana shi shiga taron saboda an ɗauke shi a bidiyo yana furta kalmar cin mutuncin baƙar fata. A kantiri cinikinsa ya fi na kowa. Bai ma zo karɓa ba.

Da sallar da ta wuce na je gaishe da Kawu. Ido ya yi rauni, kaset ɗin kuma tuni rana ta narkar da su. Ya miƙo mini 'yar rediyonsa mai cin memori ya ce in kai a zuba masa Shata da Ɗan Maraya, "kada ka manta da Mai Malafa." Na tafi bakin kasuwa wurin yaron da yake cajin waya da tura waƙoƙi. Shata yana da shi jaka guda. Na ce Don Williams fa? Ya yi ta latsa kwamfuta, ya ɗago ya ce, "Baba, ɗan wace ƙasa ne?" Na ce Ba'amurke ne, mai waƙar kantiri. Fuskarsa ta washe, ya ce ai yana da kantiri, ya danna, sai ga Shaboozey ya cika rumfar. Na ce ya sa shi ma. Mai Malafa kuwa sai da na sayi data na sauko da shi da kaina, ina tsaye a rana, yaron yana riƙe mini rediyon.